Yadda Ake Ɗaukar Hoton Teku: Jagora Ga Mai Kyamara Daga Kano

Kano ba ta da teku, amma Kanawa ba sa rabo da bakin teku. Ɗan Kwari da ya sauka Legas ko Kwatano sarin kaya, mai Umara da ya samu kwana biyu a Jidda, ɗan bautar ƙasa da aka tura kudu, duk sai sun leƙa ruwa sun ɗauki hoto. Hotunan da ake dawowa da su kuwa kusan iri ɗaya ne: sama ta yi fari fat, ruwa ya karkace gefe guda, mutum a tsakiya ya yi baƙi ƙirin. Yawanci kyamara ba ta da laifi. Mun saba ɗaukar biki da suna da hawan Sallah, inda ido ke kan fuska da kwalliya. A bakin teku ruwan ne abin ɗauka, shi kuma ba ya tsayawa ya jira kowa. Wanda ya iya karanta motsinsa, ya san lokacin danna maɓalli, zai fi mai kaya masu tsada da bai iya ba.

Kayan aiki

Kyamarar da ke ba ka damar saita saurin shata da hannunka, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Tsohuwar Canon ko Nikon mai lensin 18-55 ta isa. Idan waya ce, duba ko tana da tsarin Pro a cikin manhajar kyamararta. Yawancin Samsung da manyan Tecno da Infinix suna da shi.

Tirayifod, wato ƙafa uku da ake ɗora kyamara. Wannan shi ne abu na biyu a muhimmanci bayan kyamarar kanta. Marar nauyi irin na masu bidiyon waya iskar teku za ta riƙa kaɗa shi. Idan ba ka da shi, cika safa ko ƙaramar jaka da yashi, ka ɗora a kan dutse, ka kwantar da kyamara a kai.

Filta iri biyu. Na farko shi ne ND, baƙin gilashi mai rage hasken da ke shiga lensi. Mai daraja 6 ya fi amfani ga mai farawa, mai daraja 10 kuma na tsakar rana ne. Na biyu shi ne CPL, wanda ke kashe ƙyallin ruwa. Kafin ka saya, duba lambar da ke jikin murfin lensinka daga ciki, kamar 52 ko 58 ko 67, domin ita ce faɗin filtar da za ta hau. Ana samun su wajen masu kayan kyamara a Sabon Gari da Titin Beirut, amma ba kullum ake dacewa da girman da ake so ba, don haka ka fara nema tun saura mako biyu tafiya.

Sai ƙananan kaya: ƙyallen goge gilashi guda uku ko huɗu, kowanne a ledarsa, ƙaramin famfon hura iska, ruwan roba mai tsafta, babbar leda da robar ɗaure kuɗi, batir na biyu, memori marar komai a ciki, tocila, da takalmin roba mai kama ƙafa. Silifas ruwa zai tafi da shi. Ka kuma tara ƙananan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka zuba a jakar kyamara.

1. Ka gwada hannu tun a gida

Kuɗin mota ko na jirgi zuwa Legas ya yi yawa a ce a can za ka fara koyon inda maɓallin shata yake. Muna da ruwa a nan. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana da faɗin da in iska ta taso za ka ga ƙananan igiyoyi suna dukan gaɓa, ga kwale-kwalen masunta, ga duwatsu. Akwai Bagauda, akwai dam ɗin Challawa a Ƙaraye. Magudanan noman rani na wajen Kura da Kadawa ma suna da ruwa mai gudu, wanda ya isa ka koyi yadda saurin shata ke sauya kamannin ruwa. Sai dai ka nemi izinin masu gadi kafin ka nuna kyamara wajen jikin dam ɗin kansa, domin ba ko'ina ake yarda ba.

Abin da za ka koya a can guda ɗaya ne: ka ɗauki ruwa ɗaya a saurin shata 1/1000 na daƙiƙa, sannan 1/60, sannan 1/4, sannan daƙiƙa biyu, ka zauna ka kwatanta. Ranar da ka je teku hannunka ya riga ya san hanya.

Kafin tafiya kuma a share maka idon kyamara na ciki. Ƙurar hunturun Kano tana maƙalewa a can, ba ka ganinta a hoton biki, amma a sararin sama mai launi ɗaya za ta fito ɗigo-ɗigo.

2. Ka san inda rana take faɗuwa a gaɓar da za ka je

Gaɓar Legas da Badagiri da Kwatano da Lome duk kudu suke kallo. Idan ka fuskanci ruwa, rana za ta fito ta hannun hagunka ta faɗi ta hannun damanka, tana bin gaɓa. Wanda ya je yana jiran ya ga rana ta nutse a tsakiyar ruwa gabansa zai sha mamaki. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu, sai ta faɗi ta ɓangaren ruwa. A tsakiyar damina kuwa ta kan tudu take faɗuwa. Jidda ita yamma take kallo, rana tana faɗawa cikin Bahar Maliya sosai, shi ya sa hoton masallacin Rahma da ke kan ruwa ya fi kyau da yamma.

Lokacin ɗauka biyu ne: daga bayan sallar Asuba zuwa kamar minti arba'in bayan fitowar rana, sai kuma daga sakaliya zuwa bayan faɗuwarta. A Legas rana tana fitowa tsakanin shida da rabi da bakwai, tana faɗuwa wajen haka da yamma. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya hasken nan mai laushi ba ya daɗewa. Abin da Turawa ke samu na awa guda mu rabinsa muke samu. Ka isa wurin da wuri, ka kafa kaya, haske ya same ka a shirye. Shuɗin nan mai daɗi da ke zuwa bayan rana ta ɓace yana haɗuwa da lokacin Magariba, don haka ka tafi da alwalarka da dadduma, kuma ka tafi da wanda zai tsare maka kaya.

Ni safiya na fi so. Mutane ba su cika ba, yashi bai sha sawu ba, iska ba ta yi ƙarfi ba, kuma a lokacin masunta ke tura jiragensu.

3. Ka duba cikar ruwa da janyewarsa

Wannan ne abin da mutumin tudu bai sani ba. Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan. Mu da ke lissafi da watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi: a farkon wata da kuma ranakun 14 da 15 cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa, wajen 7 da 22 ga wata abin yana lafawa. Ka rubuta sunan garin da kalmar jadawalin cikar teku a intanet, za ka samu lokutan kowace rana.

Idan ruwa ya janye, yana barin jiƙaƙƙen yashi mai sheƙi da ke ɗaukar launin sama, da duwatsu da ƙananan tafkuna. Idan yana cika, igiyoyi sun fi ƙarfi sun fi kumfa. Dukansu suna da hotonsu. Mai farawa ya zaɓi lokacin da ruwa ke janyewa, domin wurin da ya kafa kaya zai ƙara bushewa ne, ba zai nutse ba. A Jidda bambancin ƙanƙane ne, ba sai ka damu da shi sosai ba.

4. Tsaya ka kalli ruwa kafin ka buɗe jaka

Ka ba shi minti goma. Igiyoyi ba girma ɗaya suke zuwa ba. Ƙanana za su yi ta zuwa, can sai manya biyu ko uku su biyo baya su haura inda sauran suka tsaya. Duba iyakar jiƙaƙƙen yashi, ka ajiye jakarka can sama da ita sosai.

Ruwan gaɓar Legas zuwa Lome yana da ja, yana fizgar mutum zuwa ciki, kuma yana cin waɗanda suka iya iyo ma. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Iyon da ka koya a kududdufin unguwa ba zai yi maka amfani a nan ba. Kada ka wuce inda ruwa ke kai maka idon sawu, kada ka juya wa teku baya, kada ka hau dutsen da ka ga ya jiƙe ko ya yi gansakuka. Idan ka ga jar tuta ko masu tsaron wurin sun ce a matsa, ka matsa.

Idan daga ɗaki mai na'urar sanyaya ka fito, kada ka zaro kyamara nan take. Danshin bakin teku zai sa lensi ya yi gumi ciki da waje. Bar ta a jaka a rufe kamar minti ashirin zuwa talatin ta saba da zafin waje.

5. Nemo abin da zai tsaya a gaba

Ruwa da sama kaɗai ba sa yin hoto. Idonka ya ga girma domin kana jin ƙara da iska, amma hoto ba ya ɗauke su. Nemo abin da za ka sa a gaban hoton: dutse, kututture, igiyar jirgi, tarun masunta, kwale-kwale mai fenti, bishiyar kwakwa, ko layin kumfa da ke lanƙwasa a kan yashi. Ka durƙusa, ka sauke kyamara zuwa wajen gwiwa. Daga nan ƙaramin dutse zai yi girma, ruwa kuma zai zama kamar yana tahowa wajen mai kallo.

Kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara. Layin da sama ta haɗu da ruwa dole ya miƙe; ko ɗan karkacewa kaɗan ido yana kama shi. Kada kuma ya raba hoton biyu daidai. Idan gajimare ya yi kyau, ba sama kashi biyu cikin uku. Idan sama fayau ce, ko hazon hunturu ya rufe ta kamar yadda yake yi har Legas a Disamba da Janairu, ba ta kashi ɗaya ka bar wa yashi da ruwa sauran.

Idan za ka sa mutum, kada layin ruwa ya ratsa wuyansa. Masunta da mata masu sayen kifi kuma a gaishe su a nemi izini. Wasu za su yarda, wasu za su nemi ɗan abin goro, wasu za su ƙi. A Saudiyya ɗaukar mutane ba da yardarsu ba yana iya jawo maka hukuma. Wasu wuraren shaƙatawa na Legas ma, bayan kuɗin shiga, suna karɓar wani kuɗin daban idan sun ga babbar kyamara da tirayifod, don haka ka tambaya tun a ƙofa.

6. Kafa tirayifod

Danna ƙafafunsa cikin jiƙaƙƙen yashi har su daina nutsewa. Duk igiyar da ta wuce tana kwashe yashin ƙarƙashinsu, kyamara ta motsa ba ka sani ba. Tsofaffin faifan CD guda uku, ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa, suna maganin wannan. Murfin bokitin fenti ma ya yi. Fara zaro siraran ƙafafun ƙasa domin makullan su yi nesa da yashi da gishiri. Kashe tsarin hana rawa na lensi tunda kyamara a kafe take. Rufe jikinta da leda, ka huda wa lensi ƙofa, ka ɗaure da roba. Lensin da ka fito da shi daga masauki shi za ka koma da shi. Ba a canza lensi a cikin iskar teku.

7. Saitin kyamara, da zaɓen saurin shata

Sa kyamara a M, wato tsarin saiti da hannu. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11. Ɗauki a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, idan akwai, domin za ka buƙaci gyaran sama daga baya. Yi fokus a kan abin da ke kamar kashi ɗaya cikin uku na zurfin hoton, sannan ka mayar da lensi kan fokus na hannu don kada ya riƙa farautar igiyoyi.

Yanzu sai babban zaɓi, wato yadda kake so ruwan ya fito.

Idan igiya kake so a daskare, kowane ɗigo a rataye a iska, sa 1/1000 ko sama. Nan ba ka buƙatar tirayifod ko ND. Ɗaga ISO zuwa 400 idan haske bai isa ba, ka sa ɗauka a jere, ka tsaya nesa da dogon lensi idan kana da shi. Danna tun igiyar tana ɗagowa, kafin ta fashe.

Idan zare-zaren kumfa kake so, sa tsakanin 1/4 da daƙiƙa ɗaya. A ganina nan ne hoton teku mafi kyau yake, domin ruwan yana nuna motsi amma bai rasa siffarsa ba. Sirrin shi ne lokacin dannawa. Yawancin mutane suna dannawa lokacin da igiya ke tahowa, sai hoton ya cika da farin kumfa marar fasali. Jira ta iso ta gama ƙarfinta, ta ɗan tsaya, sannan ka danna daidai lokacin da ta fara komawa. Kumfan da ke janyewa zai zana layuka daga ƙafarka zuwa cikin teku, ya zagaye dutsen da ka sa a gaba. Za ka ɗauki ashirin kafin ka samu biyu masu kyau, kuma haka abin yake ga kowa, domin babu igiya biyu da ke komawa iri ɗaya. Idan kana da rimot yi amfani da shi. Idan babu, sa jinkirin daƙiƙa biyu, ka danna tun igiyar tana hawa, shata ya buɗe tana sauka.

Idan kuma so kake ruwa ya kwanta sumul kamar kindirmo a ƙwarya, sai ka kai daƙiƙa 20 zuwa 30. Wannan yana kyau idan akwai abin da ba ya motsi, kamar gada ko turaku ko duwatsu. Jirgin da ke kan ruwa zai dusashe. An yi yayinsa har ya fara gundura, amma ka iya shi.

Lissafin ND ba shi da wuya. Auna haske babu filta tukuna. Mai daraja 6 yana ninka lokacin sau 64: idan kyamara ta ba ka 1/125, da filta zai zama rabin daƙiƙa. Mai daraja 10 yana ninkawa kusan sau 1000: 1/125 zai zama daƙiƙa 8, 1/30 kuma ya haura daƙiƙa 30 kaɗan. Yi fokus kafin ka ɗaura filtar, domin bayan ka ɗaura kyamara ba ta gani sosai.

Idan ba ka da ND, jira rana ta faɗi; minti goma sha biyar bayan haka haske zai ragu da kansa har ka samu rabin daƙiƙa a f/11 ko f/16. Wasu suna ɗaura gilashin masu walda da roba a gaban lensi. Yana aiki, sai dai hoton zai fito kore shar, dole ka mayar da shi baƙi da fari.

CPL kuwa juya shi ake yi a hankali ana kallo har ƙyallin ruwa ya mutu, launin ƙasan ruwa ya bayyana. Ya fi aiki idan rana tana gefenka. Idan tana gabanka kai tsaye cire shi. A jiƙaƙƙen yashi mai ɗaukar launin sama ma cire shi, domin ƙyallin nan shi kake nema.

8. Kada sama ko kumfa su ƙone

Sama ta fi yashi haske nesa ba kusa ba, kumfa kuma ya fi komai fari. Abin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a gyara, amma abin da ya ƙone ya tafi. Kunna alamar da ke walƙiya a inda haske ya yi yawa, ka rage har kumfa ya daina walƙiya. Kada ka yarda da yadda hoton ya fito a fuskar kyamara a cikin rana. Idan bambancin ya yi yawa, ɗauki biyu ba tare da ka motsa tirayifod ba, ɗaya don sama ɗaya don ƙasa, ka haɗa su a kwamfuta.

Bayan kowane hoto biyar ko shida, leƙa gaban lensi. Feshin gishiri yana taruwa a hankali, hoto ya riƙa yin hazo kana zaton fokus ne. Hura iska tukuna don yashi ya fita, ɗiga ruwa mai tsafta a ƙyalle ka goge, sannan ka bi da busasshe. Gefen riga yana yaɗa gishirin ne, kuma in akwai ƙwayar yashi zai karce gilashi.

9. Idan waya kaɗai gare ka

Goge idonta. Kunna layukan nan masu raba fuska gida tara. Taɓa sama mafi haske ka riƙe har ta kulle, ka ja hasken ƙasa kaɗan. A tsarin Pro sa ISO mafi ƙanƙanta, ka jira bayan faɗuwar rana don ka samu 1/4, ka jingina wayar da jakar yashi. Mai iPhone ya kunna Live, ya ɗauka yana riƙe da ita cak, sannan ya buɗe hoton ya zaɓi dogon ɗauka daga jerin da ke sama. Za ta narkar da ruwan da kanta. Kada ka ja hoto da yatsu biyu don ya matso, ka matsa da ƙafarka. Kuma ko an ce wayarka ba ta jin ruwa, da ruwan daɗi aka gwada ta. Na gishiri yana cin ramin caji.

10. Bayan ka dawo masauki

Kafin ka kalli hoto ko ɗaya, goge jikin kyamara da ɗanyen ƙyalle, ka zaro ƙafafun tirayifod gaba ɗaya ka wanke su da ruwan famfo, ka bar su su bushe a buɗe. Idan ka bari har ka dawo Kano, makullan sun riga sun cije.

A manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed, fara da miƙe layin ruwa, sannan rage hasken sama, ɗago inuwa kaɗan, goge ɗigon ƙura. Ruwan Legas ba shuɗi ba ne sosai, yana tsakanin kore da toka, wani lokaci har da ja-ja a damina. Bar shi da launinsa. Idan ka ƙara shuɗi da ƙarfi kumfa ma zai rine, duk wanda ya san wurin zai gane. Idan za ka tura wa mai wanke hoto ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoton har zaren kumfan da ka sha wuya a kansa ya farfashe. Idan babba za a buga don rataye a falo, ka ce a yi maka gwaji a ƙaramar takarda tukuna, saboda hoto a takarda yakan fi yadda yake a waya duhu.